Sharafa Tela Ya Sayi Bakin Teku

A Titin Bauchi, daga wajen masu lemo har zuwa gidan mai, babu wanda bai san Sharafaddeen tela ba, kuma babu wanda bai san ya taɓa zuwa Legas ba. Kwana biyu ya yi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya raka kawunsa sarin zare, amma kwana biyun nan sun ishe shi labari har ƙarshen rayuwa. In ka kawo ɗinkin wando, kafin ya auna ƙugunka sai ka ji yadda ya ratsa gadar da ba a hango ƙarshenta. In ka ce yau Jos ana sanyi, ya ce ai ba ka ji iskar teku ba. Tekun kuwa ta tagar mota ya hango shi, shi ma wata mata mai ƙaton ɗaurin ɗankwali ta tare masa rabi.

Wata Talata a shekarar 2005, wayarsa ta salula, wadda yake ratayawa a wuya don kada wani ya ce bai gani ba, ta yi ƙara. Saƙo ne da Turanci. Ya leƙa shagon da ke jikin nasa, inda maƙwabcinsa Hyginus yake sayar da kayan babur.

"Oga Hyginus, idona na ɗan ciwo yau. Karanta mini."

Hyginus ya karanta. Wani kamfani ne mai suna Hutun Sarauta, wai lambar Sharafa ce ta yi nasara cikin miliyoyi, ya zo otal ranar Asabar ya ci abinci kyauta ya karɓi kyautarsa.

"Oga Tela, ni ma sun turo," in ji Hyginus. "Sun turo ma mai shayi. Har matana Ulonma sun turo mata sau biyu."

"Naku kuskuren na'ura ne," in ji Sharafa. "Nawa ne na ainihi."

Ranar Asabar ya saka babbar riga ya tafi. Aka ba shi shinkafa da fiffiken kaza da lema mai tambarin kamfani. Sannan aka kashe fitila aka haska hotuna a bango: farin yashi, shuɗin ruwa, bishiyoyin kwakwa, wani Bature kwance yana shan abu da tsinke. Wani mutum mai kwat da farin gilashi, wanda ya ce sunansa Dakta Mahdi, ya yi bayani. Ba sai ka sayi gida sukutum a bakin teku ba. Sati ɗaya za ka saya, kowace shekara satin nan gidan naka ne, kai da 'ya'yanka da jikokinka.

"Amma fa ba kowa zai gane ba," in ji Dakta Mahdi. "Sai wanda ya ga duniya. A cikinku akwai wanda ya taɓa ganin teku?"

Hannun Sharafa ya kusa taɓa fanka.

"Na sani! Tun da Alhaji ya shigo na ce wannan tafiyar ta wanda ya saba da jirgin ruwa ce."

Sharafa bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai ga dalilin katse wa mai ilimi magana ba. Aka ce sati guda naira dubu ɗari da hamsin. Ya yi irin dariyar da yake yi wa masu sayar da yadi, ya ce shi ba a cutarsa. Shi sati yake so sabo fil, wanda wani bai taɓa kwana a cikinsa ba, kuma a yi masa ragi. Dakta Mahdi ya dube shi ta saman gilashi, ya dubi sakatariyarsa Firisila, ya rage murya.

"Akwai guda ɗaya da muka ɓoye wa manya. Sati na hamsin da uku. Wallahi babu wanda ya taɓa shigarsa. Ka kawo dubu casa'in."

Kekuna biyu Sharafa yake da su, na ɗinki da na surfani, wanda yake yi wa wuyan riga ado da shi, kuma shi ne yake ciyar da gidan in Sallah ta matso. Ranar Litinin ya sayar da na surfanin ga Lukuman, telan da ke tsallaken titi. Ranar Talata takardar shaida mai zanen zinariya ta hau bangon shago cikin gilashi.

Mutane suka taru suna kallo. Hyginus ya daɗe yana karantawa, sannan ya shiga lissafi da yatsu.

"Oga Tela, sati nawa ne a shekara?"

"Ya danganta."

"Hamsin da biyu ne fa."

"A Jos ba. Ai shekarar bakin teku ta fi tamu tsawo, saboda rana tana daɗewa kafin ta gama nutsewa a ruwa. Kai da ba ka wuce Akwanga ba me ka sani?"

"Ni ɗan Owerri ne."

"To, ka ji! Owerri akwai teku?"

A gida matarsa Madina ba ta yi gardamar sati ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Maigida, ina keken?"

"Ya zama gida."

"Gidan yana ina?"

"A bakin teku."

"To ka ɗauki tukunyar nan ka kai can, a zuba mana abinci a dawo da ita."

Washegari, kafin kowa ya buɗe shago, Sharafa ya sauke kalandar bango ya ƙirga. Hamsin da biyu. Ya fara daga Disamba ya yi baya. Hamsin da biyu. Ya ɗaga takardar ƙarshe ko akwai wani wata a liƙe a bayanta, sai hoton buhun siminti. Daga tsallaken titi kuwa tsohon kekensa ya fara kuka a hannun Lukuman, kamar yana kiran sunansa. Ya ja hula ya nufi cikin gari, ya ce wa Hyginus zai je duba labulen gidansa.

Ofishin Hutun Sarauta ɗaki ne guda a saman bene, an raba shi biyu da labule. Firisila tana zaune tana yanke farce.

"Na zo ne a ba ni kuɗina," in ji Sharafa. "Ba wai don ina buƙata ba."

"Babu damuwa, Alhaji. Fom ɗin mayar da kuɗi dubu uku ne. Sai hoto huɗu masu nuna ba ka gamsu ba."

Ya biya, ya je ya ɗauko hoto. Amma Sharafa bai iya ganin kyamara bai washe baki ba. Firisila ta duba ta ce wannan fuskar ta wanda ya gamsu ce, har ma za su so su sa ta a talla. Ya sake wani, ya ɓata rai iya ƙarfinsa. Ta ce wannan kuma ya wuce rashin gamsuwa ya shiga zaman makoki, kamfani ba ya shiga harkar rasuwa. Sai a karo na uku, da mai hoton ya taka masa ƙafa bisa kuskure, aka samu fuskar da ta dace.

Sati biyu yana sintiri. Yau an ce mai sa hannu ya tafi taro, gobe an ce hatimi ya bushe. Daga nan aka miƙa masa wata takarda: kuɗin kula da gida, dubu biyar.

"Kula da me?"

"Shara, Alhaji. Yashi yana shiga ɗakinka kullum. Ga kuma abincin kifayen da ke gaban ƙofarka."

"Kifin ba shi da iyaye ne?"

"In ba ka biya ba fayil ɗinka ba zai motsa ba."

Ya biya. Firisila ta ce yanzu saura ya kira hedikwata a Legas, ta rubuta masa lamba. Nan take ya loda katin ɗari biyar ya buga. A bayan labule wata waya ta fara ƙara. Aka ɗauka. Wata murya, kamar ta wanda ya toshe hanci, ta ce, "Hedikwata, Legas," Sharafa ya ji ta a kunnen dama daga waya, ya ji ta a kunnen hagu daga labule.

Ya dubi Firisila.

"Ƙarfin sabis ne," in ji ta. "Shi ya sa kake ji sau biyu."

"Na sani," in ji Sharafa. "Haka wayoyin Legas suke."

Mutumin Legas ya yi atishawa, labule ya motsa. Sharafa ya yi masa addu'a. Sannan muryar ta karanta masa sharaɗi na goma sha huɗu: ba a mayar wa mutum kuɗinsa sai ya je ya yi amfani da wurin, ya ga bai yi masa ba.

"To ai satin nawa ya ƙi zuwa!"

"In ya zo ka je."

"Yaushe zai zo?"

"Alhaji, mu gida muke sayarwa, ba mu muke juya shekara ba."

Katin ya ƙare. Minti ɗaya bai cika ba sai ga Dakta Mahdi ya fito daga bayan labule yana goge hanci, ya ce yanzun nan ya sauka daga Abuja. Ya rungume Sharafa, ya ce ya ji duk abin da ya faru, kuma don girman Alhaji zai karya doka. Za a shirya ziyarar gani da ido ranar Asabar mai zuwa. Alhaji ya cika mota da mutanen unguwarsa, kowa dubu biyu kuɗin mota, a kai su har bakin ruwa. Ya shiga, ya fito, ya ce bai gamsu ba, a ba shi kuɗinsa a gaban jama'a.

Da wani ne, da sai ya nemi mutum uku ya tafi a ɓoye. Sharafa kuwa kafin la'asar ya hau benci a ƙofar shago.

"Jama'a! Na gaji da ba ku labari kuna musu. Ranar Asabar zan kai ku teku ku gani da idonku. Kuɗin jirgi ma ba sai kun biya ba, dubu bibbiyu kawai, saboda ni."

Mutum goma sha takwas suka biya, ya kai wa Dakta Mahdi da hannunsa. Maimunatu mai ƙosai ta nemo jarka biyu, don ta ji ana cewa ruwan teku yana maganin ciwon gwiwa. Ulonma ta dafa shinkafar kwana uku. Hyginus ya ce shi ko da dubu goma ne zai biya, don wannan kallon ba ya wuce shi, ya kuma ba Sharafa kyautar tiyub ɗin tayar mota ya ce ko da za a buƙata. Madina ta ce za ta je ta ga inda kekenta ya kwanta.

Sharafa ya ɗinka wa kansa gajeren wando na iyo da ragowar shaddar mutane, ƙafar dama ruwan hoda, ta hagu ruwan goro. Da shi ya bayyana a Tina Junction da safiyar Asabar, da baƙin gilashi, da lemar kamfani, tiyub a rataye a kafaɗa, gwiwoyinsa suna karo da juna don sanyi. 'Yan acaɓa suka daina neman fasinja. Wata mai sayar da ayaba ta tambayi Madina ko asibiti za a kai shi.

Wata tsohuwar bas ta zo. Dakta Mahdi bai zo ba, direba ya ce an ce su yi gaba kawai. Sharafa ya shige gaba ya juyo yana fuskantar jama'a.

"Kowa ya gyara zama, tafiyar kwana ce. In mun isa Lokoja zan nuna muku inda na taɓa shan shayi. Duk wanda teku ya ba tsoro ya riƙe ni."

Suka wuce Bukuru. Ko shinkafar Ulonma ba ta huce ba sai direba ya sauka daga kwalta ya bi wata hanyar jar ƙasa.

"Oga Tela, nan ne hanyar Legas?" in ji Hyginus.

"Yanke ne. Manya kaɗai suka san ta."

Bayan minti goma mota ta tsaya, direba ya kashe inji ya ce an iso.

Tafki ne, irin ramukan da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa, ruwa ya cika su. Ruwan kore shar, tudun jar ƙasa ya kewaye shi. Gefe guda lambun kabeji da karas, injin ban ruwa yana tari. Shanu uku suna shan ruwa. An kafa wani allo mai ɗauke da sunan Hutun Sarauta, an zana bishiyar kwakwa a jiki, kusa da wata rumfar kwano da aka cika da buhunan taki.

Aka fito. Maimunatu ta ajiye jarkokinta.

"Sharafa, nan ai ƙanwata take zuwa wankin karas."

"Ina igiyar ruwan?" in ji wani.

"Ina Baturen mai tsinke?"

Bakin Sharafa ya riga hankalinsa.

"Reshe ne! Ba ku san teku yana da rassa ba, kamar banki? Ta ƙarƙashin ƙasa ya biyo. Wannan ruwan da kuke gani jiya yana Legas."

"To shiga mana, mai gida," in ji Hyginus. "Ai gidanka ne."

Ya dubi ruwan, ya dubi mutum goma sha takwas da suka zuba masa ido. Ya tuna kuma sai ya shiga za a ba shi kuɗinsa. Ya zura tiyub a ƙugu, ya buɗe lema, ya ce su kalli yadda ake yi a Legas, ya taka.

Ramin kuza ba shi da gaɓa. Taku na farko ruwa a idon sawu, na biyu babu ƙasa. Sanyin ruwan ya sa ya yi wata ƙara da ta kori shanun. Iska ta shiga lemar, ta mayar da shi kwalekwale, ta ja shi a hankali zuwa tsakiyar tafki yana jujjuyawa.

"Saki lemar!" in ji Madina.

"Kyauta ce!"

"Yi iyo ka dawo!"

"Irin iyon da na iya na ruwan gishiri ne!"

Sai aka fara jin wani siririn fito. Hyginus ya dafe kai.

"Chineke! Na manta, tiyub ɗin nan yana da faci."

Nan fa Sharafa ya manta da Legas. Ya kira Madina, ya kira uwarsa, ya yafe wa Lukuman keken duniya da lahira. Mata suka sa salati, Ulonma ta durƙusa tana addu'a da Igbo. Wani tsoho mai lambun, Baba Dalyop, ya ajiye fartanya ba tare da gaggawa ba, ya kwance dogon tiyon injinsa, ya ɗaura dutse a bakinsa ya wurga. Karo na farko ya sami lemar. Karo na biyu ya sami Sharafa a kafaɗa. Ya cafke, maza shida suka ja, aka fito da shi ta cikin laka a kan cikinsa, gansakuka a kansa, gilashin ya tafi, ƙafar wandon ta ruwan goro ta rabu da 'yar uwarta.

Madina ta lulluɓe shi da mayafinta. Da numfashinsa ya dawo sai ya ɗaga yatsa.

"Ku shaida! Na shiga, ban gamsu ba! Ina Dakta? A ba ni kuɗina!"

"Mai farin gilashi?" in ji Baba Dalyop. "Shi ya ba ni ɗari biyar ya kafa allon nan. Kai ne na bakwai da ya zo da takarda yana cewa rumfar takina gidansa ce. Amma kai kaɗai ka shiga ruwa."

Direba, wanda ke jingine da mota yana cin karas, ya ce, "Ai Dakta ya yi tafiya. Ni na kwashe musu kaya jiya na kai tasha, shi da yarinyar, har da labule. Ya ce kuɗin motar yau in karɓa a wajen oga mai gajeren wando."

Kafin ya rufe baki kowa ya fara magana a lokaci guda. Maimunatu tana neman dubu biyunta da kuɗin jarka, wani yana cewa a mayar da shi cikin ruwan, direba yana cewa ba zai tayar da mota ba sai ya ga kuɗi. Madina ce ta daka tsawa aka yi shiru. Ta kwance bakin zaninta ta sallami direba, sannan ta yanke hukunci: duk wanda ya biya dubu biyu ya kawo yadinsa, Sharafa zai ɗinka masa kayan Sallah ko na Kirsimeti kyauta, kuma bakinsa a rufe yayin da yake aunawa.

"Wannan na ƙarshen shi ne ribar," in ji Maimunatu.

Tunda shinkafa ta riga ta dahu, aka baza tabarma a gefen lambu aka ci, har da Baba Dalyop da direba. Mata suka sayi kabeji da araha. Sharafa yana gefe a naɗe cikin mayafi mai furanni, haƙoransa suna kaɗawa. Can Hyginus ya kawo masa shinkafa a murfin kula, ya tsuguna kusa da shi.

"Oga Tela, tsakani da Allah, kai da ka sha ruwan, yaya teku?"

Sharafa ya tofar da wani ɗan ganye da ya maƙale masa a haƙori, ya dubi tafkin kamar mai auna yadi.

"Ba laifi," in ji shi. "Sai dai gishirin ya yi kaɗan."